Wane littafi za mu miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha uku?

Mai kula da laburare, Bauchi:
Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawararku. Ina kula da wani ƙaramin laburare na unguwa a cikin garin Bauchi, kuma a bana an ware mana ɗan kuɗi domin mu sayi littattafan yara masu tasowa, daga shekara goma zuwa sha shida. Abin da ke kantocinmu yanzu iri biyu ne kawai: littattafan ƙananan yara masu hotuna, waɗanda ɗan aji shida na firamare yake jin kunyar a gan shi da su, da kuma littattafan shirin jarrabawar WAEC da JAMB, waɗanda ba mai taɓa su sai jarrabawa ta ƙarato. Idan yaro ya tsaya a gabana ya ce in ba shi littafi mai daɗi, sai in rasa inda zan miƙa hannu. Tambayata biyu ce: me ya kamata in saya, kuma ta yaya zan gane littafin da ya dace da kowane yaro?

Tsohon hedimasta, Azare:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan tunani. Amsar tambayarka ta farko ba ta da nisa, domin magabata sun riga sun share mana hanya. Fara da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, dukkan juzu'i uku, ka sayi fiye da kwafi ɗaya na kowanne saboda su ne za su fara yagewa. Sannan ka nemi littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, wato Ruwan Bagaja na shi Imam ɗin, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi, da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin kunya ne a ce laburare yana cikin Bauchi, yara suna wucewa ta gaban kabarin Tafawa Ɓalewa kullum, amma ba su san ya rubuta littafin ƙagaggen labari ba, ba su kuma san cewa a Rauta, nan kusa da Bauchi, ya zaunar da malamin nasa yana ba almajiransa labarin rayuwarsa. Ka ƙara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur, shi ma ɗan gida ne. Yaron da ya karance waɗannan ya sami Hausa, ya sami tarbiyya.

Malamar Hausa, Gombe:
Baba hedimasta, ban isa in ja da jerin nan ba, domin da shi aka raine mu. Sai dai ina koyar da wasu daga cikin littattafan a aji, kuma abin da nake gani shi ne ba duka suke shiga yaro a lokaci ɗaya ba. Magana Jari Ce yana kama ɗan shekara goma saboda yadda aka gina shi: aku yana ba ɗan sarki labari bayan labari, kowanne gajere ne, yaro zai iya gama ɗaya kafin a kira magariba ya tashi yana jin ya cim ma wani abu. Ruwan Bagaja yana tafiya da ƙarfin dariya, musamman wuraren da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke rama wa juna mugunta. Amma Shaihu Umar labari ne na bauta, da sace yaro, da uwa da ta ratsa sahara tana neman ɗanta har ƙarfinta ya ƙare, kuma tafiyarsa a hankali take. Ɗan shekara goma sha ɗaya yakan gaji da shi tun farko, ɗan sha biyar kuwa na ga wanda ya gama ya kasa magana. Waƙoƙin Malam Sa'adu ma haka, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya tana buƙatar wanda ya san siyasar shekarun kafin samun 'yancin kai, in ba haka ba baitoci ne kawai zai haddace. Idan aka miƙa wa yaro littafi mai kyau kafin lokacinsa, hukuncin da yake yankewa shi ne littattafan Hausa ba su da daɗi, kuma da wuya ya sake dawowa.

Akwai wata magana kuma da jerin Baba bai taɓa ba. 'Yan matan da nake koyarwa suna karatu sosai, har fiye da yadda muke zato, amma a waya suke yi, a zaurukan WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad, labaran da ake sakewa kashi-kashi. Ke nan ba yaran da ba su karatu muke nema mu jawo ba, yara ne da suka riga suka sami wani wuri.

Uwar 'yan mata, Fadaman Mada:
Malama, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na taɓa karɓar wayar 'yata na karanta shafi biyu na irin waɗannan labarai, abin da na gani ko matar aure ba zan so ta karanta a gaban mutane ba. Saboda haka ina roƙon mai laburare, don Allah kada littafin soyayya ko ɗaya ya hau kantarsa. Idan na bar yarinya ta je laburare, na bar ta ne saboda na amince wuri ne mai tsabta. Ranar da na ji an fara ajiye irin waɗancan, ranar za ta daina zuwa, kuma na san ba ni kaɗai ba ce a unguwa mai wannan ra'ayi.

Mai sayar da littattafai, Wunti:
Hajiya, ki yi haƙuri in saka baki, domin wannan sana'ata ce tun ina yaron shago. An haɗa abubuwa biyu a suna ɗaya. Abin da kika gani a waya rubutu ne da bai bi ta hannun kowa ba, mai shi ya rubuta da dare ya saki da safe, wani lokaci ma ba da sunansa na gaskiya ba. Littafin da aka buga aka sa wa suna kuwa yana da mai shi da za a iya tuhuma. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980 ta hannun kamfanin NNPC na Zariya, labarin soyayya ne, kuma an daɗe ana karanta shi a makarantu. Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu yana magana ne a kan cire yarinya daga makaranta a aurar da ita, wanda batu ne da 'yar shekara goma sha biyar ta san shi tun kafin ta buɗe littafi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino iyayen yaran nan da yawa sun karanta shi suna samari da 'yan mata, kuma ga su nan sun zama mutanen kirki. A Kano an taɓa tara littattafan soyayya an ƙona a 2007, amma karatun bai mutu ba, ya koma waya ne, inda babu mai laburare, babu malami, babu uwa.

Uwar 'yan mata, Fadaman Mada:
Alhaji, na ji bayaninka, amma kai mai sayarwa ne, dole ka yabi hajarka. Ni abin da na sani shi ne ko a cikin bugaggun akwai na banza.

Malamin Islamiyya, Jekadafari:
Hajiya tana da gaskiya cewa akwai na banza a cikin bugaggun, Alhaji ma yana da gaskiya cewa ba duka ba ne. Abin da zai raba gardamar shi ne kada littafi ya hau kantar yara sai wani babba mai hankali ya karanta shi daga bango zuwa bango. Ba a hukunta littafi da hoton bangonsa ko da sunan kasuwar da aka sayo shi. Ina ba da shawarar mai laburare ya nemi mutum uku ko huɗu, a cikinsu lallai a sami uwa irin Hajiya da malamar makaranta, a raba musu littattafan su karanta. Ma'aunin da zan bayar shi ne a duba abin da labarin yake ƙawatawa. Labari yana iya ambaton zalunci ko yaudara ko auren dole domin ya nuna muninsu, kuma wannan ba aibi ba ne. Aibin shi ne a ƙawata alfasha ko a siffanta abin da kunya ta hana a siffanta. Ina kuma roƙon a sa littattafan tarihin Annabawa da Sahabbai da na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u waɗanda aka rubuta da sauƙin harshe, amma a ajiye su tare da sauran labarai, kada a killace su a wata kusurwa kamar magani. Sannan a lura da lokaci: yawancin yaranmu daga boko Islamiyya suke wucewa, ranakun Alhamis da Juma'a ne yammacinsu yake a sake. Laburaren da yake rufewa da ƙarfe huɗu bai buɗe domin su ba.

Ɗalibar ilimin laburare, Yelwa:
Ina gaida iyayena. An yi nisa a tambaya ta farko, ni kuwa ina ganin ta biyun ce ta fi nauyi, domin ko an cika kanta da littattafan kirki, sai an sami wanda zai haɗa yaro da nasa. Wani masanin laburare ɗan Indiya, S. R. Ranganathan, ya shimfiɗa ƙa'idoji biyar a 1931, biyu daga ciki suna cewa kowane mai karatu yana da littafinsa, kowane littafi kuma yana da mai karanta shi. Aikin Yaya mai laburare yana tsakanin waɗannan biyun.

Idan yaro ya ce a ba shi littafi mai daɗi, kada a tambaye shi ajinsa ko shekarunsa da farko, domin shekaru ba sa nuna ƙarfin karatu. Akwai ɗan babbar sakandare da yake haɗa baƙi da ƙyar, akwai 'yar aji biyar da ta karance duk abin da ke gidansu. A tambaye shi wane labari ne na ƙarshe da ya ji daɗinsa, ko a littafi, ko a fim, ko a rediyo, ko a bakin kakarsa, sannan a tambaye shi me ya burge shi a ciki. Wani zai ce faɗan, wani zai ce dariyar, wata za ta ce yadda yarinyar ta ƙi yarda a taka ta. Wannan amsar ita ce jagora. Wanda ya ce faɗa a ba shi Iliya Ɗan Maiƙarfi ko Ganɗoki, wanda yake son abin mamaki da sararin samaniya a nemo masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Kuma kada a miƙa littafi ɗaya, a ɗora uku a kan tebur, a faɗi jimla biyu a kan kowanne ba tare da an tona ƙarshensa ba, a ja da baya a bar shi ya zaɓa. A ce ya karanta shafin farko a tsaye. Idan kalmomin da suka gagare shi sun cika yatsun hannu ɗaya, a sauko masa da wanda ya fi sauƙi ba tare da an furta cewa ya fi sauƙi ba. Abu na ƙarshe, a gaya masa a fili cewa idan bai ji daɗinsa ba ya dawo da shi gobe, ba laifi.

Tsohon hedimasta, Azare:
'Yata, na yaba da tsarinki, amma jimlarki ta ƙarshe ban karɓa ba. Yaushe za a koya wa yaro cewa abin da ya fara yana iya yar da shi don bai ji daɗi ba? Mu da aka tilasta mana muka gama littattafai masu wuya, daga baya muka gode. Karatu yana buƙatar juriya, kuma idan aka bar yaro da son ransa, labarin dariya kawai zai yi ta ɗauka har ya girma.

Ɗalibar ilimin laburare, Yelwa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Juriyar da kake magana a kai aikin aji ne, kuma aji yana yin sa: JAMB tana ɗora wa kowane ɗalibi littafi, a shekarun baya Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi, bayansa The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, kuma dole a karanta. Amma dubi abin da ya biyo baya, yara da yawa taƙaitawa da tambayoyin baya suke nema, ba su buɗe littafin kansa ba. Laburare shi ne wuri ɗaya tak da yaro yake zuwa da ƙafarsa, ba maki, ba bulala. Idan muka mayar da shi aji na biyu, zai daina zuwa, kuma ba mu da rajistar da za mu kira sunansa. Yaron da ya gama littattafan dariya goma ya sami saurin karatu da yawan kalmomin da zai iya ɗaukar Shaihu Umar da su. Lokacin nan ne mai laburare zai ce masa, tunda ka gama wancan, ga wani da ya ɗan fi shi nauyi, ina ganin ka kai.

Tsohon hedimasta, Azare:
To, idan mai laburare zai riƙa tura shi gaba kamar yadda kika ce, na sassauta. Abin da nake tsoro shi ne a bar yaro ba mai ja masa gora.

Malamin Turanci, Kaltungo:
Ina so in tuna wa zauren cewa Bauchi da Gombe ba Hausa kaɗai ake ji a gida ba. Akwai yaran Tangale da Tera da Waja da Fulani da Sayawa da Jarawa, wasunsu Hausa ta baki ce gare su, karatunsu da Turanci ya fi ƙarfi, kuma ko Bahaushen ma da Turanci zai rubuta jarrabawa. Saboda haka a raba kuɗin. Ga masu shekara goma zuwa sha biyu, Chike and the River na Chinua Achebe da Eze Goes to School gajeru ne, Turancinsu mai sauƙi. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi ban taɓa ba yaro namiji ya dawo mini da shi bai gama ba, domin labarin ramuwar gayya ne da aka kafa a ƙasar Hausa, da jirgin ƙasa da takobi a ciki. Idan an sami tsofaffin littattafan Pacesetters na kamfanin Macmillan a saya, musamman The Undesirable Element na Mohammed Sule. Ga 'yan mata manya, The Virtuous Woman da The Stillborn na Zaynab Alkali.

Gargaɗi ɗaya: samun lambar yabo ba ya nufin littafi ya dace da yaro. Mu a nan muna alfahari da Helon Habila, ɗan Kaltungo ne, ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka a 2001, amma Waiting for an Angel labarin kurkuku ne da mulkin soja, sai ɗan ajin ƙarshe na sakandare. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta Najeriya ta NLNG a 2016, kuma na manya ne zalla, kada ganin sunan ɗan Arewa a bango ya sa a ɗora shi a kantar yara.

Uwar 'yan mata, Fadaman Mada:
Na yarda da shawarar Malam ta kwamitin karatu, kuma idan an kira ni zan zo. Amma ina da sharaɗi: a ba ni damar duba rajistar aro in ga abin da 'ya'yana suke ɗauka.

Ɗalibar ilimin laburare, Yelwa:
Mama, a nan ina da ɗan ja. Abin da aka koya mana shi ne abin da mutum ya ara sirrinsa ne. Yarinya 'yar sha huɗu tana iya son karanta littafi a kan canjin da jikinta yake yi, ko a kan mutuwar uwa, ko rabuwar iyaye, abin da ba za ta iya buɗe baki ta tambaya ba. Idan ta san za a karanta rajista a gida, ba za ta ɗauka ba, za ta koma ta tambayi waya. Tunda ke da kanki kina cikin waɗanda suka tace abin da ke kantar, me ya rage na tsoro?

Malamin Islamiyya, Jekadafari:
'Yata, wannan ƙa'ida an gina ta ne a kan manya, kuma a wurin da ba namu ba. Uwa makiyayiya ce, za a tambaye ta a kan abin da aka ba ta kiwo, ba zai yiwu mai laburare ya ce mata ba ta da hurumi a kan karatun 'yarta ba. Amma ina ganin hikimar abin da kika faɗa. Hajiya, da za ki karɓi shawarata, ki bar rajistar, ki tambayi yarinyar da kanki cikin raha me take karantawa, ki ce ta ba ki labarin. Abin da za ki ji daga bakinta ya fi abin da rajista za ta nuna miki. Shi kuma mai laburare, idan uwa ta tambaye shi kai tsaye kada ya yi mata ƙarya, amma kada ya mayar da kansa mai kai rahoto gida-gida.

Uwar 'yan mata, Fadaman Mada:
Zan gwada, Malam, amma ban janye sharaɗina ba tukuna.

Malamar Hausa, Gombe:
Kafin a rufe, ba mu yi maganar yaran da labari bai dame su ba sam. Akwai yaron da ba abin da yake so sai ƙwallo, ko gyaran waya, ko kiwon tattabaru, ko sanin yadda sola take aiki, kuma shi ma mai karatu ne idan an sami abin ba shi. A Turanci akwai The Boy Who Harnessed the Wind, labarin gaskiya na William Kamkwamba ɗan Malawi, wanda rashin kuɗin makaranta ya zaunar da shi a gida, ya riƙa zuwa wani ƙaramin laburare har ya haɗa injin iska mai ba da lantarki daga tarkace, kuma akwai bugun da aka sauƙaƙa domin yara. A Hausa kuwa wannan fage kusan fayau yake, kuma laifinmu ne mu masu alƙalami. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta nuna cewa akwai mata masu iya rubuta gajeren labari mai ma'ana, amma masu rubuta wa ɗan shekara goma sha biyu musamman, da Hausar da yake ji da batun da ya dame shi, sun yi ƙaranci ƙwarai. Kafin a samu, a ajiye jaridun Hausa irin su Aminiya a kan tebur, shafin wasanni kaɗai yana iya zaunar da yaro.

Mai kula da laburare, Bauchi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kafa kwamitin karatun, Hajiya kuma ke ce ta farko da zan kira. Zan ware kanta guda ta masu tasowa kusa da ƙofa, nesa da ta ƙananan yara, in jera littattafan fuskarsu a waje, Hausa da Turanci a haɗe bisa irin labarin, domin tsarin jera littattafai da lambobi na Dewey da muke bi yana jefa adabin Hausa can wajen lamba 893, inda yaro ba ya kaiwa. Zan kuma nemi izinin buɗewa da yammacin Alhamis da Juma'a. Batun rajista zan kai wa shugabanninmu, ba ni zan yanke ba. Abin da ya rage shi ne samun littattafan. Alhaji, tsofaffin nan na Zariya har yanzu ana samunsu?

Mai sayar da littattafai, Wunti:
Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar ana samu ba wuya, saboda makarantu suna nema. Tauraruwa Mai Wutsiya da Idon Matambayi sai an aika Zariya ko Kano an bincika, Pacesetters kuwa sai dai a wurin masu tsofaffin littattafai, ka saya duk wanda ka gani ko bangonsa ya tsufa. Ka kula da na jabu, takardarsu sirara ce, tawadar tana dusashewa, wani lokaci shafuka suna ɓacewa a tsakiya, don haka ka ƙirga shafukan kafin ka biya. Kuma ka rage wani abu daga kuɗin ka kai su wurin mai ɗinkin littafi a sa musu bango mai kauri tun suna sababbi, domin littafin da yara suke so ba ya kai zango biyu da bangonsa na asali. Ka turo mini jerin bayan kwamitinku ya zauna, in duba abin da ke hannu.